Gidan Manajan Reluwe a Ebute Meta da Rabin Labarin da Bai Shiga Cikinsa Ba

A cikin harabar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya da ke Ebute Meta a Legas, inda har yau hedikwatar hukumar take, akwai wani tsohon gidan sama da aka gina a 1898. A shekarar nan layin dogon da aka faro daga Legas bai ko kai Ibadan ba, Kano kuwa tana hannun Sarki Alu, saura shekara biyar Turawa su ci ta. Gidan ya fara ne a matsayin mazaunin babban manajan reluwe, daga baya ya koma masaukin manyan ma'aikata. Yau ana kiransa Gidan Jaekel, da sunan Francis Jaekel, wani Bature da ya daɗe yana aikin reluwe a Najeriya, wanda ya rubuta tarihin layin dogon ƙasar a littafi mai juzu'i uku. Wata ƙungiyar masu kishin tsofaffin gine-gine mai suna Legacy 1995 ce ta gyara shi a 2010, bisa jagorancin Farfesa John Godwin, masanin zanen gini da ya zo Najeriya tun 1954. Suka mayar da shi ƙaramin gidan tarihi, suka zuba hotunan shekarun 1940 zuwa 1970 da kayan aiki da tufafin ma'aikatan reluwe na da.

Ginin kansa darasi ne ga mai lura. Irin wanda Turawa suka saba yi ne a ƙasashen zafi tun ba a san na'urar sanyaya ɗaki ba: baranda mai faɗi da ke tare rana kafin ta taɓa bango, rufi can sama, tagogi da yawa don iska ta shiga nan ta fita can, ga fili da itatuwa kewaye da shi. Magina na yau da ke jibga mana akwatunan siminti da gilashi, waɗanda ba sa zaunuwa da zarar an ɗauke wuta, suna da abin koyo a nan. Amma filin nan mai faɗi ba don shan iska kawai aka bar shi ba. Tsarin mulkin mallaka ne a raba mazaunin Bature da na baƙar fata, da hujjar gudun zazzaɓin cizon sauro, kuma reluwe tana cikin ma'aikatun da suka fi riƙe wannan wariya a gidaje da albashi da muƙami.

Shi ya sa idan aka yi zancen kashe kuɗi a kan gida irin wannan, ba a rasa mai cewa: ina ruwanmu da gidan Bature? Wanda ya zauna cikinsa ba don mu ya zo ba, me zai sa mu share masa ɗaki bayan ya tafi? Ban raina wannan magana ba, domin akwai ciwo na gaske a bayanta. Sai dai ni ina ganin rushe gidan ko barinsa ga gara ba ya rage wa mulkin mallaka komai, mu yake rage wa shaida. Abin da ya fi damuna daban ne. Gidan manaja labarin manaja yake bayarwa, alhali mafi yawan tarihin reluwe a ƙasar nan ya faru ne nesa da barandarsa, kuma kaso mai tsoka na wannan tarihin a Arewa yake.

Tun farko ma layin dogo biyu ne, ba ɗaya ba. Gwamnatin Legas ta fara nata a 1896, ya isa Ibadan a 1901, ya ci gaba har Jabba a bakin kogin Kwara a 1909. Gwamnatin Arewa kuwa ba ta so ta dogara da Legas. Ta fi son a ɗauko kaya daga Kano a jirgin ƙasa zuwa Baro, a zuba a jirgin ruwa ya gangara Kwara zuwa teku. Don wannan aiki aka kawo Percy Girouard a 1907 ya gaji Lugard. Injiniyan soja ne ɗan Kanada, wanda ya yi suna wajen shimfiɗa wa Kitchener, kwamandan sojan Ingila, layin dogo a cikin hamadar Sudan lokacin yaƙin da aka yi da mutanen Mahadi. Aikin Baro zuwa Kano, mil 356, ya ci shekara huɗu, dogo ya shiga Kano a watan Maris na 1911. Sai dai Kwara ba ta ɗaukar manyan jirage a Baro sai lokacin cikar ruwa, don haka da layin Legas ya haɗu da na Baro a Minna, kaya suka juya kudu ta ƙasa. A 1912 aka haɗe hukumomin biyu, ragama ta koma Ebute Meta.

A lura da shekarar. An haɗe reluwe a 1912, aka haɗe Arewa da Kudu a 1914. Ƙarfe ya riga takarda. Gwamnatin Arewa ba ta da tashar teku, ba ta da kuɗin kwastan, tana rayuwa da tallafi daga baitulmalin Ingila da na Kudu, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilan haɗewar shi ne a tattara asusu da sufuri a hannu guda. Duk mai son fahimtar yadda aka ƙulla Najeriya, ofishin reluwe na cikin wuraren da ya kamata ya fara leƙawa.

Taswirar layin ma tana faɗin manufarsa. Daga Legas ya miƙe Kano. Daga Fatakwal ya hau Inugu a 1916 saboda kwal, ya ci gaba ya haɗu da na yamma a Kaduna. An ja siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza. Reshen Ƙaura Namoda ya zo a 1929, na Nguru a 1930. Kowanne daga inda albarkatu suke zuwa bakin teku, babu wanda ya ratsa ƙasar daga gabas zuwa yamma don mutanenta su ziyarci juna. Faɗin layin ƙafa uku da rabi ne, ga kwana-kwana masu yawa, domin an zaɓi zagaye tudu maimakon fasa shi saboda sauƙin kuɗi. Wannan tsimin na 1900 shi ya hana jiragenmu gudu har ƙarni guda bayansa.

Wa ya haƙa? A nan ne hotunan gidan tarihi suke gajarta. Babu katafila, babu tirela. Ƙasar da aka tara ta zama gadon layi daga Baro zuwa Kano, a kwando da daro aka ɗauke ta a ka. Razdan ya faɗa wa sarki adadin mutanen da yake so, sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya shiga gari da dogari a bayansa. Talaka yana cikin gyaran gona sai a ce sunansa ya fito a diban gwamna. Ya ɗauki tabarmarsa da ɗan guzurinsa ya bi ayari, a miƙa masa diga ko kwando, ya yi makonni yana sara da jida a dajin da bai sani ba, kafin a sallame shi a kawo wani rukuni. Turawa sun riƙa alfahari cewa ana biyan kowane lebura a hannunsa da tsabar kuɗi, kuma an biya ɗin. Amma biyan nan yana da wata manufa: sule da kwabo su shiga ƙauye su kori wuri, sannan su dawo hannun hukuma a matsayin haraji. Mutanen Nupe da Gwari da Zazzau da Kano su suka ɗauki wannan nauyi. Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, wanda aka ɗora wa tara leburori a ƙasarsa, ya bar Waƙar Diga a kan wannan aiki, kuma shi ne sarkin da Turawa suka tuɓe daga baya suka kai Lakwaja. Shaida ce ta cikin gida, da Hausa, daga bakin wanda ya ga abin da idonsa. Ina ganin duk gidan tarihin reluwe a Najeriya da ba a jin wannan waƙa a cikinsa, da sauransa.

Sai babban abin mamaki a tarihin layin, wanda ya kamata kowane ɗan makarantar Arewa ya sani. Ba don gyaɗa aka kawo jirgi Kano ba, don auduga aka kawo shi. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman inda za su samu auduga ba tare da dogaro da Amurka ba, ƙungiyarsu ta masu noman auduga ta matsa wa gwamnati lamba, aka yi lissafi a takarda cewa ƙasar Hausa za ta cika musu taragu. Lissafin bai yi la'akari da cewa Kano tana da nata masaƙa da marina da fatake masu kai tufafi har Borno da Agadas ba. Masaƙin gida yana sayen auduga da farashin da ya fi na Bature, to me zai sa manomi ya kai wa Bature?

Gyaɗa kuwa ta zo daidai da lokaci. A Turai an gano yadda ake daskarar da man tsirrai a yi man shafa wa burodi da sabulu, farashin man gyaɗa ya tashi. Manomin Kano ya san gyaɗa tun kaka da kakanni. Tana yi a jigawa, ana haɗa ta da gero da dawa a gona ɗaya, harawarta abincin dabbobi ce, idan kuma shekara ta yi tsanani ana iya cin ta, abin da ba a yi da auduga. Kamfanonin Turawa ba su san ƙauyuka ba, sai suka nemi waɗanda suka sani, wato fataken goro da suka saba bin hanyar Gwanja, masu jari da yara da amana a kowace kasuwa. Waɗannan suka karɓi kuɗi da gishiri da yadi suka bazu cikin karkara tun kafin shuka suna yi wa manoma alkawarin saye. Gyaɗar da Najeriya ta fitar a 1912 ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Tashar Kano ta cika ta batse, hukumar da ke Ebute Meta ta rasa taragun ɗauka. Alhassan Ɗantata, wanda ya yi fataucin goro a ƙasar da ake kira Ghana yau, ya zama wakilin kamfanin Turawa mai suna Neja a 1918, ya kuma zama babba a cikin masu wannan harka.

Manoma da fatake ne suka sauya wa daula shirinta, ba da bore ba, da lissafin riba da asara. Ban faɗi haka don in wanke tsarin ba. Farashi a Liverpool ake yanke shi, sikeli na kamfani ne, haraji kuma yana tsaye a kan manomi yana tura shi noman abin sayarwa ko yana so ko ba ya so. Jirgin da ya ɗaga gyaɗa shi ya karya fataucin Sahara, ayarin raƙuman da ke zuwa Tarabulus ya ja baya, kayan Turai masu araha suka fara cin kasuwar masaƙa a hankali. Amma hoton da ake yawan nuna mana, na Bature mai tsari da baƙin mutum mai bi, bai dace da abin da ya faru a Kano a 1912 ba.

Dalar gyaɗa ma tana da fuska biyu. Muna tuna ta a matsayin alamar arziki, kuma haka ne, dala guda takan ci buhu har 15,000. Amma buhun da ke cikin dala buhu ne da ke jiran jirgi. Bayan yaƙin duniya na biyu, kawunan jirgi sun tsufa, taragu sun yi kaɗan, gyaɗar wata kakar takan tarar da ta bara ba a kwashe ba, ƙwari suna ci. Tsayin dala yana nuna ƙwazon manomi, yana kuma nuna gazawar ofishin da ke Legas. Kuma ba gyaɗar Najeriya kaɗai ba ce. Layin da Faransa ta faro daga Kwatano ya tsaya a Parakou bai shiga Nijar ba, don haka shekaru da yawa gyaɗar Damagaram da Maraɗi ta tashoshin Najeriya take bi zuwa teku.

Garuruwa sun tashi a gefen dogo. Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917 saboda nan layi ya tsallake kogi, Zungeru, tsohuwar hedikwatar, ta ja baya. Minna, Kafanchan, Funtuwa, Gusau da Nguru duk tasha ce ta raya su. Sabon Garin Kano ya kafu a 1913 don akawuna da makanikai da 'yan kasuwar da jirgi ya kawo daga Kudu da Saliyo da Gwalkwas, wato Ghana ta yau. Zaman tare da muke yi yau, da daɗinsa da rikicinsa, a tarago ya iso.

A harabar Ebute Meta kuma, 'yan taku kaɗan daga gidan manaja, akwai wani tarihin da ya cancanci ɗaki nasa. A ma'aikatar gyaran jirage ta nan Michael Imoudu ya yi aiki, ya jagoranci ƙungiyar ma'aikatan reluwe, ya yi gwagwarmayar kuɗin tsadar rayuwa lokacin yaƙi, aka tsare shi a 1943. Da aka sako shi a 1945, cikin watan Yuni ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari da ya haura kwana 40. Da jirgi ya tsaya, ƙasa ta tsaya, kuma daga ranar gwamnatin mallaka ta san cewa akwai wani ƙarfi a ƙasar wanda ba na sarakuna ba ne, ba kuma na lauyoyin Legas ba. Labarin yajin aikin ya bi layin dogo har Zariya da Kano, kamar yadda jaridu da ra'ayoyin siyasa suke bi.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ba sai an ja shi ba. A 1955 aka mayar da reluwe hukuma mai cin gashin kanta. Bashin farko da Najeriya ta karɓa daga Bankin Duniya, dala miliyan 28 a 1958, na reluwe ne, kuma da shi aka ja layi ta Bauchi da Gombe har Maiduguri a 1964. A shekarar nan jirage sun ɗauki fasinja sama da miliyan 11 da kaya kusan tan miliyan 3. Daga nan sai gangara: yaƙin basasa, kuɗin man fetur da aka zuba a tituna, tireloli, fari da cutar da ta kashe gyaɗa a shekarun 1970, ga rashin gyara da rashin riƙon amana.

Hukumar da ta kasa biyan 'yan fanshonta a kan kari ba za a sa ran ta kula da tsohon gida ba. Wannan shi ne ainihin matsalar adana irin waɗannan gine-gine, kuma matsala ce ta mallaka da kuɗi kafin ta zama ta ra'ayi. Gini na hukumar reluwe ne, wadda aikinta sufuri. Alhakin kayan tarihi yana wuyan hukumar gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979, wadda ba ta da kuɗin kula da abin da ke hannunta ma. Filin da gini yake kai kuwa, a Legas ko Kano ko Kaduna, ya fi ginin daraja a kasuwa nesa ba kusa ba. Tsohon gini kuma ba ya jira. Kwano ɗaya ya ɗaga, damina biyu ta wuce, katako ya ruɓe, gara ta shiga, sai a ce ai ya zama haɗari, a kawo katafila. Doka kaɗai ba ta isa kariya ba. Ilojo Bar, wani gini mai salon Brazil a tsibirin Legas, yana cikin jerin kayan tarihin ƙasa tun 1956, amma a watan Satumba na 2016 aka wayi gari an baje shi.

Gidan Jaekel ya tsira ne saboda wasu 'yan tsiraru sun ɗauki abin da zafi, suka nemi izinin hukuma, suka nemo tallafi. Yanzu masu ɗaukar fim da masu hoton biki da masu taro suna zuwa, abin da suke biya yana taimakawa wajen riƙe wurin. Wasu na ganin wannan zubar da darajar tarihi ne. Ni ban ga laifinsa ba, domin ginin da ake shiga kullum shi ake lura da yoyonsa. Inda nake da fargaba shi ne idan kyan baranda ya zama shi ne dukan saƙon, matashi ya zo ya yi hoto ya tafi da tunanin cewa zamanin Turawa zamani ne na tsabta da tsari kawai. Kewar mulkin mallaka tana yaɗuwa a tsakanin matasan da suka gaji da lalacewar yau, kuma gidan tarihin da ya nuna fanka da teburin manaja bai nuna kwandon lebura ba yana ƙara mata ƙarfi ko bai yi niyya ba.

Akwai inda aka bi wata hanyar. A birnin Semarang na Indunusiya, hedikwatar kamfanin jirgin ƙasa na Holan, wadda ake kira Lawang Sewu, an fara gina ta a 1904. Sojojin Japan sun mayar da ƙarƙashinta kurkuku a lokacin yaƙi, kuma a gabanta matasan Indunusiya suka gwabza da su a watan Oktoba na 1945. Ginin ya yi shekaru a yashe har mutane suka riƙa cewa aljanu sun tare a ciki. Kamfanin jiragen ƙasa na gwamnatin ƙasar da kansa ya gyara shi, aka sake buɗe shi a 2011, yana sayar da tikitin shiga. Bambancin a nan shi ne mai ginin ne ya ɗauki nauyinsa, ya lissafa shi cikin dukiyarsa, kuma labarin da ake bayarwa a ciki ya haɗa da na waɗanda suka mutu a wurin. Kenya ma tana da gidan tarihin reluwe a Nairobi tun 1971.

Mu a Arewa mun san darajar tsohon gini idan mun ga dama. Gidan Makama yana nan, Gidan Ɗan Hausa yana nan, gidan Sardauna ya zama Arewa House, har gadar Lugard an ciro ta daga Zungeru an kafa a Kaduna. Amma reluwe, wadda ta fi kowace ma'aikata sauya rayuwar talakan Arewa a ƙarnin da ya wuce, ba mu ware mata ko ɗaki ɗaya na kirki ba. Ga tsohuwar tashar Kano, ga harabar reluwe ta Zariya da gidajenta da ma'aikatarta, ga Kafanchan, ga Nguru, ga Baro inda aka fara sara. Sababbin layuka masu faɗi, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Legas zuwa Ibadan a 2021, da wanda ake ja daga Kano zuwa Maraɗi, suna zuwa da nasu sababbin tashoshi, galibi a wajen gari. Ma'ana tsofaffin za su ƙara zama marayu, ga masu neman fili a gefe, ga 'yan jari-bola da ke kwance ƙarfe a ɗaya gefen.

Gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi damar shiga harkar jiragen ƙasa, don haka gwamnatin Kano ko ta Kaduna ko ta Neja ba ta da hujjar cewa abin na tarayya ne kaɗai. Jiha za ta iya zama da hukumar reluwe a ware gini guda a Zariya ko Kano, a ba sashen tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello ko ta Bayero kula da abin da za a sa a ciki. Takardun Razdan-Razdan kan tara leburori suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Sikelin gyaɗa da fitilar mai ba da hannu da ƙararrawar tasha ba su gama ɓacewa ba. Abin da ya fi gaggawa shi ne mutane: direbobi da masu zuba kwal da masu duba tikiti da suka yi aiki a shekarun 1960, da 'yan dakon da suka ɗora buhu a kan dala, da matan da suka yi tallar abinci a tasha. Mafi ƙanƙantarsu ya haura saba'in yanzu, kuma ɗaukar muryarsu ba ya bukatar kwangila, wayar hannu da ɗalibi mai haƙurin sauraro sun isa a fara.